Waya ɗaya, ɗalibai 94: wane shafin intanet ya cancanci datar malami?

Ranar da malamanmu suka dawo daga bitar kwana uku a kan amfani da fasahar zamani a aji, wata malamar lissafi ta same ni a ofishin malamai ina ɓarar gyaɗa. Ta ajiye mini takarda a kan tebur, an jera sunayen shafukan intanet da manhajoji har goma sha huɗu a jikinta.

"Malam, don Allah duba mini wannan. Mai bitar cewa ya yi duka suna da kyau. Ni kuwa datar dubu uku nake saya a wata, rabinta ma yara ke cinyewa a gida. Da wanne zan fara?"

Na ce ta ba ni zuwa Litinin. Amsar da na ba ta ita ce nake faɗaɗawa a nan, domin na san ba ita kaɗai aka sallama daga bita da irin wannan takarda ba.

Abu na farko da na lura da shi, jerin ya cakuɗa abubuwa iri uku da ba aikinsu ɗaya ba. Akwai masu koya wa malami yadda zai koyar. Akwai masu ba shi abin da zai nuna wa ɗalibai. Akwai kuma masu taya shi raba aiki da karɓa da ba da maki. Haɗa su a layi ɗaya kamar a haɗa maka makarantar koyon tuƙi da gidan mai da tasha ne, a ce ai duk harkar mota ce. Gaskiya ne, amma wanda bai da mota me zai je yi gidan mai?

Sai kuma halin ajin da za a shiga da su. Namu dai ga shi: ɗalibai 94 a aji biyu na ƙaramar sakandare, babu soket a bango, majigi ɗaya ne a duk makarantar kuma yana kulle a ofishin shugaba, janareta ba ya tashi sai an yi maganar kuɗin mai. Ɗakin kwamfuta yana nan da kwamfutoci 20, waɗanda ke kamawa ba su kai rabi ba. Sabis kuwa sai ka tsaya wajen bishiyar darbejiya ta bakin ƙofa. Idan naka ajin ya fi wannan, alhamdu lillahi, zaɓinka ya fi faɗi, kuma zan zo kanka. Amma da wannan awo na auna kowane suna a takardar, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na fara da Nigeria Learning Passport don shi ne na gida. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ta ƙaddamar da shi a watan Maris na 2022 tare da UNICEF, fasahar da yake tafiya a kai kuma ta Microsoft ce. Darussansa sun kama daga firamare har babbar sakandare, an jera su aji-aji bisa manhajar karatu ta ƙasa. (Kalmar manhaja ta zame mana mai harshen damo: ga ta karatu wadda hukumar NERDC ke tsarawa, ga ta waya wadda ake saukewa. Inda na ce manhajar karatu, ta farkon nake nufi.) Wannan shi ne babban ƙarfinsa. Ba sai ka zauna kana laluben wane darasin Amurka ne ya yi daidai da mako na huɗu na zango na biyu ba, abin da ke cikin jadawalinka shi za ka tarar. Ban da Turanci akwai darussa da Hausa da Yarbanci da Ibo, akwai kuma kwasa-kwasan da aka ware wa malamai. Rajista kyauta ce, kuma a ƙarƙashin yarjejeniyar Airtel da UNICEF ana shiga a layin Airtel ba tare da an ci data ba. Ga mai datar dubu uku, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda yake da iyaka, yawancin darussan an shirya su ne don yaron da ke zaune da waya a hannunsa, shi kaɗai. Malamin da ke gaban yara 94 sai ya kalla a gida, ya ɗebi tsarin bayanin da misalan, ya kawo su allo da alli. Na Hausar ma ba su kai na Turanci yawa ba. Sannan an sake fasalin manhajar karatu a 2025, don haka ka riƙa gwada abin da ka gani da jadawalin da makarantarka ke bi yanzu kafin ka ɗauka.

Wanda na fi daɗewa a kansa, kuma wanda mai bitar ya sa a can ƙasan takarda, shi ne TESSA. Jami'ar karatu daga gida ta Birtaniya, wato Open University, ita ta fara shi a 2005 tare da cibiyoyin horar da malamai na ƙasashen Afirka, ciki har da Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna. Idan ka buɗe shi ba za ka ga wani ƙyale-ƙyale ba. Rubutu ne, sai 'yan zane. Amma rubutun malaman da suka san ajin da babu kujeru isassu ne suka yi shi. Na firamare ya kasu fanni biyar: karatu da rubutu, lissafi, kimiyya, zamantakewa da fasahar hannu, da dabarun rayuwa. Akwai kuma na kimiyyar sakandare. Kowane sashe yana kawo labarin wani malami da yadda ya koyar da abu kaza, sannan ya ba ka aikin da za ka gwada a naka ajin gobe da safe. Akwai wasu gajerun takardu a gefe, ɗaya a kan yadda ake tafiyar da aji mai cunkoso, ɗaya a kan aikin rukuni-rukuni, ɗaya a kan yin kayan koyarwa da abin da ke kusa da kai. Ana sauke su a PDF ko Word, ba su da nauyi, sau ɗaya za ka sauke ka karanta ko babu sabis. Akwai su da Turanci da Faransanci da Larabci da Swahili, don haka ɗan'uwa malami a Maraɗi ko Damagaram yana da nasa kason.

Wani zai ce to ina fasahar zamani a nan? Ga inda take. Duk wata dabarar amfani da waya ɗaya a cikin yara 94 ta dogara ne a kan iya raba aji rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni aikin yi, wayar ta riƙa zagayawa. Malamin da bai iya wannan ba, ko kwamfuta goma aka ba shi hayaniya kawai zai ƙara. Ni kaina sai da na koyi raba aji gida tara, kowane gida da shugabansa da marubucinsa, kafin wayata ta yi mini wani amfani a darasi. Aibin TESSA shi ne yana son karatu, kuma da Turanci, ga malamin da ya koma gida a gajiye yana da wata sana'ar ta yamma. Kayansa kuma sun ɗan kwana biyu, ba za ka sami labarin sababbin manhajoji a ciki ba.

Kishiyoyinsa a fannin horar da malami su ne kwasa-kwasan Google da na Microsoft. Dukansu kyauta ake karantawa, an tsara su da kyau, kana gama mataki a nuna maka na gaba. Na Google yana kai ka ga jarrabawar Google Certified Educator, mataki biyu ce, takardar shaidar kuma shekara uku take yi kafin a sabunta. Jarrabawar tana son kwamfuta da intanet ɗin da ba zai yanke ba. Abin da za ka koya shi ne kayan kamfanin: yadda ake haɗa tambayoyi a Google Forms su yi wa kansu maki, yadda ake aiki tare a takarda ɗaya, ko a ɓangaren Microsoft yadda ake sarrafa Teams da OneNote. Duk misalan sun ɗauka cewa kowane yaro yana da na'urarsa da akawun ɗinsa. To idan burinka ka nemi aiki a babbar makarantar kuɗi a Abuja ko Kaduna ko Kano, wannan takarda tana da nauyi a gaban masu ɗaukar aiki, kuma wahalar ba asara ba ce. Idan kuwa burinka darasin ranar Talata ya fi na makon jiya kyau a makarantar gwamnati, TESSA ya fi kusa da kai nesa ba kusa ba.

Mu dawo kan abin nuna wa yara. A nan sunan da kowa ya sani shi ne Khan Academy. Salman Khan ya fara ne da koya wa wata 'yar'uwarsa lissafi daga nesa a 2004, ya koma ɗora bidiyo a YouTube, a 2008 abin ya zama ƙungiya mai zaman kanta da ba ta neman riba. Lissafinsa a jere yake tun daga ƙirga har na shiga jami'a, kowane bidiyo da atisayensa. Shawarata a kansa ita ce malami ya ɗauke shi a matsayin makarantar dare ta kansa. Da yawa daga cikinmu an ba mu darasin da ba shi muka karanta ba, wanda ya yi NCE a fannin zamantakewa sai ka gan shi yana riƙe da lissafin aji uku don babu wani. Irin wannan malami, minti goma na bidiyo kafin ya kwanta zai fitar da shi kunya gobe. Amma kunna wa yaranmu shi kai tsaye ba ya cika yin tasiri. Turancin na Amurka ne, da sauri, misalan da dala da mil da inci, jerin darussan kuma na makarantun can ne. Yaron da ke fama da Turancin malaminsa na Zariya ba zai kama na Kalifoniya daga lasifikar waya ba. Bidiyo kuma shi ne sarkin cin data. Manhajar tana bari a sauke a ajiye, to ka sauke inda ka sami wifi, kada ka kalla kai tsaye.

Na san zafin wannan. Wata rana na roƙi majigi, na sayi mai lita biyu da kuɗina, aka rufe tagogi da zannuwa, na tsaya gaban yara zan kunna musu bidiyon zagayawar jini kai tsaye daga intanet. Sai ɗan da'irar nan ya hau juyawa. Ya juya, ya juya. Na aiki wani yaro da wayar wajen darbejiya, igiyar majigi ba ta kai can ba. Minti ashirin da biyar muka yi muna kallon farin bango, janareta na shan man da na saya, har wani daga baya ya ce, "Malam, ko jinin ne ya tsaya?" Tun ranar ban sake shiga aji da abin da ba ya cikin wayata tun daga gida ba.

Shi ya sa PhET ya fi kwanta mini a rai. Carl Wieman, wanda ya sami kyautar Nobel a fannin fiziks a 2001, shi ya kafa shi a 2002 a Jami'ar Colorado da ke Boulder. Ba bidiyo ba ne. Ɗakin gwaje-gwaje ne na cikin waya, sama da guda 150, na fiziks da kemistiri da lissafi da nazarin halittu, wanda yaro ke taɓawa da yatsa abu ya canja a gabansa. Kowane ɗaya fayil guda ne mai 'yan megabait, ka sauke daga shafinsu kyauta, ka buɗe a burauza ko babu sabis, ka tura wa abokin aiki ta Xender. Kuma surutu ba ya cikinsa, don haka matsalar Turanci ta ragu ƙwarai: kai ne za ka yi bayanin, da harshen da yaranka ke ji.

Wanda na fi amfani da shi sunansa Circuit Construction Kit. Akwai batir, da wayar wuta, da ƙwan fitila, da makunni, yaro ya jawo su ya haɗa. Na raba aji gida tara, kowane gida ya zana a takarda yadda zai haɗa ƙwai biyu da batir ɗaya, sannan wayar ta zagaya, minti uku-uku, kowa ya gwada zanensa. Gida na huɗu suka haɗa kan batir da gindinsa da waya ba tare da ƙwai a tsakani ba, sai ga harshen wuta ya tashi a jikin batirin a fuskar waya. Suka yi ihu, "Malam, ya kama da wuta!" Daga nan darasin ya koma kan abin da ya sa wayoyi biyu idan suka haɗu a shago ake gobara, da amfanin fis. Wata yarinya kuma ta cire ƙwai ɗaya daga haɗin layi guda, ɗayan ya mutu, ta cire daga haɗin da kowane ƙwai ke da reshensa, ɗayan ya ci gaba da ci, sai ta ce ashe shi ya sa idan ƙwan ɗakin Inna ya ƙone na zaure ba ya mutuwa. Shekara nawa ina zana wannan a allo ban taɓa jin yaro ya faɗi haka da bakinsa ba. Iyakarsa dai, ba ya koyar da kansa. Idan ka miƙa wa yara ba tare da tambayar da za su amsa ba, wasa za su yi da shi har a tashi. Malamin Hausa ko na tarihi ko na addini kuma ba shi da abin ɗauka a nan.

Ga malamin lissafi akwai ɗan'uwansa GeoGebra, wanda Markus Hohenwarter ya fara a matsayin aikin digirinsa na biyu a Salzburg ta ƙasar Ostiriya a farkon shekarun 2000. Shi ma yana aiki a waya ba intanet. Ya fi PhET wuyar koyo, don kai za ka gina abin da hannunka, amma zane da kusurwoyi da jadawalin lissafi ba shi da na biyu.

YouTube kuwa kasuwar Kurmi ce, akwai komai, mai kyau da jabu, kuma babu wanda ya tantance maka. uLesson, wanda Sim Shagaya ya kafa a 2019, malamansa 'yan Najeriya ne kuma ya bi tsarin WAEC da NECO da JAMB, sai dai na kuɗi ne kuma ɗalibi aka yi wa shi. Na wuce su.

Malaman firamare, musamman na aji ɗaya zuwa uku, naku daban ne. Abin da ya fi ƙaranci a ajinku shi ne abin karantawa da Hausa, yaro ya gama aji uku bai taɓa riƙe littafin labari ba. African Storybook, na ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu, da StoryWeaver, na Pratham Books ta Indiya, dukansu suna da ƙananan labarai masu hotuna da Hausa, an jera su daga mai jimla ɗaya a shafi zuwa mai sakin layi. Lasisinsu a buɗe yake: ka sauke, ka buga, ka fassara, ka sauya sunaye, ba wanda zai tuhume ka. Hotunan African Storybook sun fi kama da garuruwanmu, StoryWeaver kuma ya fi yawan littattafai, musamman na kimiyya, amma rigunan da abincin na Indiya ne a da yawa daga ciki. Tunda mutane daban-daban ne ke fassarawa, ka karanta kowane labari da kanka kafin ka kai aji, ka duba ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ, don yaron da ke koyon haɗa baƙi bai kamata ya ga "kofa" a inda ake nufin ƙofa ba. Idan ka ci karo da wanda aka rubuta da ƙa'idar Nijar za ka ga ƴ a inda muke sa 'y, ba kuskure ba ne. Hanya mafi araha ita ce a buga labari ɗaya kwafi goma a shagon hoto, a sa a leda, ya yi zango yana zagaya aji.

To idan makarantarku tana da ɗakin kwamfuta da sola fa, amma babu intanet? Nan ne Kolibri ya shigo, kuma a ganina duk shugaban makarantar da ke da kwamfutoci suna shan ƙura ya kamata ya san shi. Ƙungiyar Learning Equality ta Amurka ce ta yi shi, bayan wani na farko da suka fitar a 2012 mai suna KA Lite. Ga yadda yake aiki. Za a sa shi a kwamfuta ɗaya, ita ce uwa. A kai ta inda akwai intanet mai ƙarfi, sau ɗaya, a sauke abin da ake so daga rumbunsu: Khan Academy, PhET, African Storybook da wasu da dama. A dawo da ita makaranta a haɗa ta da ƙaramar na'urar wifi wadda ba ta bukatar layi ko data. Duk kwamfuta ko waya da ke ɗakin sai ta shiga ta burauza kamar tana intanet, alhali daga uwar take ɗiba. Malami ya buɗe aji, ya sa sunayen yara, ya zaɓa musu darasi, ya haɗa gwaji, ya ga wanda ya gama da wanda ya maƙale a tambaya ta uku. Ana iya juya maɓallansa su koma Hausa, ko da yake darussan da ke ciki yawancinsu Turanci ne. Makaranta ta biyu ma ba sai ta sake saukewa ba, a fulash za a kwafa mata.

Wahalarsa ta farko ce, da ta riƙo. Sai an sami mutum ɗaya a makarantar da ba ya tsoron kwamfuta, wanda zai zauna ya kafa shi, ya zaɓi darussa daidai da jadawali, don idan aka ce a kwaso Khan Academy dukansa gigabait gommai ne. Kuma ranar da aka yi wa mutumin nan canjin wurin aiki, idan bai koya wa wani ba, uwar za ta koma shan ƙura tare da 'ya'yanta. Idan aka gwada shi da Learning Passport, wancan ya fi dacewa da manhajar karatunmu, wannan ya fi ba malami iko a kan aji kuma bai damu da sabis ba. Makarantar da ke shirya yara wa JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, tana da ƙarin dalili: yaron da ya saba amsa gwaji a Kolibri ba zai je ranar jarrabawa yana neman inda ake danna linzami ba.

Saura kashi na uku, masu raba aiki da ba da maki. Google Classroom, wanda ya fito a 2014, yana da tsabta: ka ɗora aiki, yaro ya mayar, ka ba da maki, komai a ajiye. Sharaɗinsa kowane yaro da akawun da na'ura da data a gida. A makarantar kuɗi mai yara 25 a aji, bismilla. A namu, yara nawa ne ke da wayar kansu? Kahoot ma haka, gasar tambayoyi ce mai daɗi amma kowane yaro ko rukuni sai da waya a hannu. Plickers ya yi dabara: malami kaɗai ke da waya, yara kati ake buga musu mai gefe huɗu, kowa ya juya gefen amsarsa sama, malami ya zagaya da kyamara ta karanta. Sai dai katunan 63 ne iyaka, yana kuma son intanet a wayar malami. Ni da na lissafa, sai na yanka kwalin indomi, kowane benci na ba su guda huɗu da A, B, C, D da babban rubutu. Ba ya ajiye maki, amma cikin daƙiƙa biyar ina ganin ko rabin aji sun ɓata.

Wanda ba ya cikin takardar mai bita, kuma shi ne kowa ke amfani da shi, WhatsApp ne. Lokacin da korona ta rufe makarantu a 2020, rediyo da shi ne suka riƙe abin da ya riƙu. Saƙon murya na minti biyu da Hausa, da hoton allo, sun isa su tuna wa yaro aikin gida, kuma uwar da ba ta karatun boko ma za ta ji. Sharaɗi biyu nake gindayawa. Lambobin iyaye za a sa, ba na yara ba, kuma a kulle zauren ya zama malami kaɗai ke turawa, in ban da ranar tambaya. Malami namiji kuma kada ya kuskura ya buɗe hira ta keɓe da ɗaliba, ko da a kan aikin gida ne. Amfaninsa mafi girma a wurina ma tsakanin malamai ne: mu bakwai masu koyar da kimiyya a makarantun yankinmu muna da zaure, duk wanda ya sauke abu mai kyau ya jefa, datar mutum ɗaya ta wadaci bakwai.

Na san wasu za su ce ban ambaci ChatGPT da Meta AI ba, alhali rabin ofishin malamai da su ake rubuta shirin darasi yanzu. Suna rage wahalar rubutu, kuma suna da kyau wajen kawo tambayoyin gwaji guda ashirin cikin minti ɗaya. Amma sukan kawo amsar lissafi ba daidai ba da cikakken ƙarfin hali, kuma shirin darasin da suke bayarwa yakan ce a raba wa kowane yaro abin da ko shugaban makaranta bai da shi. Ka karɓa a matsayin daftari, ka bi shi da jan biro.

Ranar Litinin na mayar wa malamar takardarta, na ja layi a ƙarƙashin huɗu. Na ce ta sauke takardar TESSA ta aji mai cunkoso ta karanta a ƙarshen mako, ta yi rajistar Learning Passport tunda tana da layin Airtel, ta riƙa duba darasin mako kafin ta rubuta nata, sannan ta kawo wayarta in tura mata GeoGebra da PhET na ɓangarorin lamba. Khan Academy na ce ta bari sai ranar da wani babi ya gagare ta. Kolibri kuma na ce ba nata ba ne, na shugaba ne, ni zan same shi da maganar.

"Sauran goman fa, Malam?"

"Ki ajiye takardar, Malama. Ranar da aka sa mana sola sai mu sake dubawa."

Bayan mako biyu na wuce ta tagar ajinta na ji hayaniya, na leƙa. Ta zana alwatika a GeoGebra, kusurwoyi uku da jimlarsu a rubuce a gefe, ta ce duk rukunin da ya ja alwatikar har jimlar ta bar 180 tana da naira ɗari biyu a jaka. Wayar tana hannun wani ɗan tsamurmurin yaro a benci na biyu. Ya ja kusurwa ɗaya har ta kusa fita daga fuskar wayar, ya matse alwatikar ta zama kamar tsinken tsintsiya, lambobi uku suna ta canjawa, ta huɗun ko gezau. Aka kaɗa ƙararrawar tara, 'yan rukuninsa suka fice sayen awara, shi yana nan yana ja.